Za mu Maroko ɗauko ɗan riƙo: ya dace mu zaga gari ko mu zauna wuri ɗaya?

Hauwa Bamingham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wasunku sun san shekara 12 ke nan da aurenmu, Allah bai ba mu haihuwa ba. Shekara biyu da suka wuce muka fara neman izinin ɗauko yaro daga Maroko. Ma'aikaciyar kula da yara ta yi ta sintiri gidanmu, an bincike mu ciki da waje, har takardar cancanta ta fito daga ma'aikatar ilimi ta nan Ingila. Makon jiya aka kira mu daga wani gidan marayu a Miknas, akwai yaro namiji ɗan wata 7. Ƙarshen Nuwamba za mu tashi in Allah ya yarda, kuma an ce mu yi shirin zaman wata biyu ko fiye, tsakanin kotu da fasfo da biza.

Ga inda muka saɓa da maigida. Shi har ya rubuta wuraren da za mu je: Fas, Marrakesh, Kasabalanka, har da kwana ɗaya a cikin rairayin Sahara. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaron nan akwai wadda ta haife shi ta rabu da shi, Allah kaɗai ya san da wane irin kuka. Sai in je ƙasarta ɗaukar ɗanta, ina bisa raƙumi ana yi mini hoto? Don Allah waɗanda suka taɓa yi, ko suka san ƙasar, ku ba ni shawara.

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam. Kai, alhamdu lillahi! Hauwa'u, wallahi sai da na yi hawaye. Allah ya raya shi, ya sa mai jin ƙanku ne. Shawara kuma bari masu sani su zo.

Nura Katsina:
Allah ya sanya alheri, Hajiya. Amma ki yi haƙuri da tambayata. Marayu sun ƙare a gida ne? Borno kawai aka je, yaran da rikici ya raba da iyayensu ba su ƙirguwa. Kuɗin jirgi da masauki na wata biyu a Maroko ai sai ya riƙe yara goma a Maiduguri.

Hauwa Bamingham:
Malam Nura, da gida muka fara. Tun watan Maris na 2021 gwamnatin Birtaniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta hana mazaunanta ɗauko yara daga cikinsu, saboda takardun da ba a amince da su ba da kuma gidajen da ake sayar da jarirai. Habasha ma tana cikin jerin. Yaran gida muna taimakon waɗanda Allah ya hore mana, akwai biyu da muke biya wa makaranta. Amma wanda zan goya, ya kwana a ɗakina, wannan ƙofar a rufe take.

Nura Katsina:
Ban san da wannan ba. Allah ya ba ki haƙuri.

Ummu Yasir:
Hauwa ƙanwata, matso kusa, ni na bi hanyar nan a 2017, daga Amurka, kuma Miknas ɗin muka je. Zan faɗa miki yadda kwanakin suke, sai ki auna da kanki.

Zaman kashi biyu ne, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Kashin farko yaro yana gidan marayu, ku kuna zuwa duba shi awa biyu ko uku a rana, sauran lokacin kuna bin takardu. Mu har shaidar Musulunci sai da muka yi a gaban adulai biyu, wato shaidun da hukuma ta naɗa, domin dokarsu ta kafala, wato riƙon yaro, ta 2002 Musulmi kawai take ba wa yaro. Akwai binciken 'yan sanda, akwai na likita, sannan a jira alƙalin da ke kula da al'amuran ƙananan yara. Asabar da Lahadi ofisoshi a rufe, ranar Juma'a da rana kuwa kowa ya tafi masallaci da cin kuskus. A wannan kashin akwai ranakun da in kika zauna a ɗaki tunani ne zai cinye ki. Ni kwana uku na yi ina zaune ina kallon waya, sai da hawan jinina ya tashi. Mijina ya ja ni muka fita dandalin Hadim, gaban ƙofar nan ta Bab Mansur da aka gama a 1732, muka sha shayin na'ana'a muna kallon mutane. Ranar na fara barcin kirki.

Kashi na biyu shi ne bayan alƙali ya sa hannu an miƙo miki shi. Daga nan ki manta da Sahara. Yasir wata 9 yake da shi, bai taɓa shiga mota ba sai ranar da aka kai shi asibiti, bai san hayaniyar kasuwa ba, bai saba a ɗauke shi in ya yi kuka ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ba ya kukan ma. Ya riga ya koyi cewa ba mai zuwa. Sai da muka yi kusan mako biyu a ɗaki ɗaya, fuska biyu kawai yake gani, kafin ya fara miƙo hannu. Yaro irin wannan ki sa shi a mota awa bakwai ko takwas zuwa Marzuga, bakin rairayin Sahara? Ga sanyi. Mutane suna jin Maroko sai su ɗauka zafi, alhali Miknas a Disamba sanyi ne mai shiga ƙashi, kuma yawancin gidajen haya ba abin ɗumama ɗaki. Yasir da tari muka karɓe shi.

Abu ɗaya kuma da ba wanda ya faɗa mini: ni baƙa ce, yarona fari. Duk inda muka fita ana kallo. Sau ɗaya a tashar jirgin ƙasa wani jami'i ya tsayar da mu ya tambayi ɗan waye. Da ladabi ya yi, kuma aikinsa yake yi, amma da ba ni da kwafin hukuncin kotu a jaka da ranar ta yi tsawo. Kada ki taka ko bakin titi da shi ba tare da takardar ba.

Hauwa Bamingham:
Yaya, Allah ya saka. Maganar rashin kukan nan ta tsaya mini a rai.

Alhaji Ghali:
Hajiya Hauwa, ni ban yarda a haɗa Fas da raƙumi a kwando ɗaya ba. Daga Miknas zuwa Fas ko awa ɗaya ba a yi a jirgin ƙasa. Mutanenmu daga Kano da Zariya da Damagaram tara kuɗi suke yi shekara da shekaru don su je zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Ke Allah ya kai ki bakin ƙofa. Wannan ziyara ce. Ki je ki yi wa yaron addu'a, ki yi wa wadda ta haife shi. Ga masallacin Ƙarawiyyin nan kusa, wanda mace ce ta gina shi, Fatima al-Fihri, tun shekarar 859. In da hali ma Marrakesh akwai kabarin Alƙali Iyal mai Ashafa da na Shehu Jazuli mai Dala'ilu, littattafan da muka tashi muna ji a zaurukan gidajenmu.

Nura Katsina:
Alhaji, addu'a ai ko daga ɗakinta ta yi Allah yana ji.

Alhaji Ghali:
Ban ce ba ya ji ba, Malam Nura. Kada mu buɗe wannan babin yau, ba shi ya tara mu ba.

Abakar Liyon:
Ku gafarce ni, zan faɗi abin da ba zai yi daɗi ba. Ni ɗan Chadi ne. A watan Oktoba na 2007 aka kama wasu Faransawa na ƙungiyar Arche de Zoé a Abeche suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa, wai marayun Darfur ne. Da aka bincika, yawancinsu 'yan Chadi ne kuma suna da iyaye ko dangi a raye. Har bandeji aka naɗa wa wasu don a ce marasa lafiya ne. Can Faransa kuma iyalai suna filin jirgi suna jira, da zuciya ɗaya, sun biya kuɗi. Tun daga ranar duk wanda ya ce mini zai je wata ƙasa ɗauko yaro sai gabana ya faɗi. Kuma abin da Hajiya ta ji a ranta gaskiya ne. Ranar da ɗaukar yaro ya zama wani sashe na hutu, a je a ga gari a dawo da tsaraba, to yaron ma ya shiga cikin tsarabar. Habasha ta rufe ƙofar ba wa 'yan ƙasashen waje yara a 2018, Sin ta rufe a 2024. Ba haka kawai suka yi ba.

Ummu Yasir:
Malam Abakar, abin da ya faru a Abeche zalunci ne, ba mai musu. Amma ɗana ba tsaraba ba ne, kuma kalmar ta yi mini zafi. A Maroko kafin a ba da yaro sai kotu ta yi shela ta wata uku ko iyayensa za su fito, sannan ta yanke hukuncin cewa yasasshe ne. Fitar da shi daga ƙasar ma wani izini ne daban daga alƙali. Ka shiga gidan marayun ka gani, yawanci maza ne, domin masu ɗauka a cikin ƙasar sun fi son mata. Waɗanda ba a ɗauka ba nan suke girma har su shekara 18 a sallame su.

Abakar Liyon:
Ki yafe ni Hajiya, ba da ke nake ba. Amma su kansu 'yan Marokon sun damu. A 2012 ministan shari'arsu Mustafa Ramid ya fitar da takarda yana neman a daina ba wa waɗanda ba mazauna ƙasar ba, don ba a iya bin sawun yaran in sun fita. Abin da nake roƙo kawai, wanda zai je ya sa ido. In wani ya ce ki ba da kuɗi a hannu takarda ta yi sauri, ki tsaya. Mai yawon buɗe ido ba ya lura da irin wannan, hankalinsa yana wani wuri.

Sadiya Manchesta:
Aikina ke nan a nan Ingila, kula da yaran da aka raba da iyayensu, don haka bari in sa baki. Duk yaron da za a ba wa wasu iyaye muna haɗa masa littafin tarihin rayuwarsa: hoton asibitin da aka haife shi, unguwar, waɗanda suka yi renonsa, komai. Dalili kuwa, wajen shekara 7 ko 8 tambayoyi suke farawa, in ya kai 14 su dawo da ƙarfi. Ina aka same ni? Wa ya sa mini suna? Da wa na yi kama? In ba ki da amsa, shi zai ƙirƙiro wa kansa, kuma abin da yara suke ƙirƙirowa ya fi gaskiyar muni.

Malam Abakar ya ambaci Sin. Tun daga 1992 yara sama da 160,000 aka fitar daga can, kusan rabinsu zuwa Amurka. Tsarin tafiyar Amurkawan a lokacin kusan iri ɗaya ne: kwana biyu ko uku a Beijin a hau Babbar Ganuwa, a wuce lardin da yaron yake a karɓe shi, a ƙare a Guwangzu inda ƙaramin ofishin jakadancin Amurka yake ba da biza. Akwai wani otal, White Swan, inda a da ake jera jariran a kan wata jar kujera a yi musu hoto. Yawancin yaran nan yanzu manya ne, da yawa sun koma neman asalinsu. Hoton Ganuwa kowa yana da shi, kuma ba ya gaya wa yarinya komai game da kanta, domin watakila garinsu ya fi kilomita dubu daga wurin. Abin da suke nema shi ne bakin kasuwar da aka ajiye su, da matar da ta ba su madara.

Don haka Anti Hauwa, ni cewa zan yi ki fita, ki fita sosai ma, amma Miknas za ki zaga. Ki ɗauki hoton titin gidan marayun da safe. Ki tambayi sunayen matan da suke renonsa, ki rubuta, in sun yarda ki yi musu hoto da shi. Ki tambayi waƙar da suke masa, ki naɗa a waya. Ki roƙi kayan da aka kawo shi da su, ko tsumma ne. Ki tambayi wa ya raɗa masa suna. A dokarsu yaron da ba a san mahaifinsa ba akan zaɓa masa sunan uba mai farawa da Abdu, ki san wannan tun yanzu don kada wata rana ya ɗauka sunan da ke takardarsa na wani mutum ne da zai je nema. Waɗannan abubuwan in kika bari kika hau jirgi, samunsu sai an sha wuya. Ma'aikata suna canjawa, takardu suna ɓacewa.

Kuma don Allah kada hotonsa ya hau Facebook ko WhatsApp kafin hukunci ya fito. Bayan ya fito ma labarin yadda aka same shi nasa ne, ba na dangi ba.

Zainabu Yamai:
Ni 'yar riƙo ce. Ina da shekara 3 aka ɗauko ni daga wani ƙauye kusa da Tawa bayan rasuwar mahaifiyata, matar kawuna ta riƙe ni a Yamai. Ba ta taɓa bambanta ni da nata ba, Allah ya ji ƙanta. Amma ba ta taɓa zuwa ƙauyen ba, kawu ne ya je ya ɗauko ni. Duk abin da na tambaye ta sai ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa. Da na girma na je da ƙafata, ɗakin ya rushe, tsofaffin da suka san mahaifiyata saura ɗaya, ita ma ta rikice. Ni da ke cikin ƙasata da yarena ke nan. Ina ga wanda zai tashi a Bamingham, uwa Bahaushiya, shi Balarabe ko ɗan ƙabilar Amazig ta Maroko? Yaya Hauwa, ki kalli garin nan da kyau saboda shi. Ki ci abincinsu ki koyi dafa ko miyarsu ta harira ce. Wata rana zai ce Mama yaya garinmu yake, ki samu abin faɗa.

Anti Rabi:
Allahu akbar. Zainabu, Allah ya ji ƙan iyaye.

Malam Bashir:
Tunda maganar suna ta shigo, in tunatar. Abin da Musulunci ya hana shi ne a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzab, kan Zaidu ɗan Harisa. Dokar iyali ta Maroko ma a kan haka take, shi ya sa suke cewa kafala. Riƙon maraya kuwa hadisin yatsu biyu ya ishe mu falala. Hajiya, abu biyu ki yi wa tanadi. Na farko shayarwa. Ɗan wata 7 ne, yana cikin shekara biyun da nono yake haramta aure, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ko kaɗan ya isa cikinsa ya wadatar. In likita ya taimaka nono ya zo miki, shi ke nan kin zama uwarsa ta shayarwa. In bai zo ba, 'yar'uwarki mai goyo ta shayar da shi, kin zama innarsa. Na biyu gado: ba ya gadonku, amma kuna da wasiyya har sulusi, kuma kyauta a rayuwa ba ta da iyaka. Kowane mako da aka ƙara a hanya daga cikin watannin shayarwar nan ake cire shi, ku sa wannan a lissafin tafiyarku.

Usman mijin Hauwa:
Salamu alaikum. An nuna mini abin da ake tattaunawa, na ce bari in faɗi nawa. Ba don nishaɗi na rubuta wuraren nan ba. Shekara 12 ina kallon baiwar Allah nan tana shiga asibiti tana fita, an yi mata aiki sau biyu, ba mu taɓa tafiya ko ta kwana uku ba da ba ta ganin likita ba ce. Na san halinta, in aka ce jira ba ta ci ba ta sha. So nake in samu abin da zai ɗauke mata hankali. Amma na karanta na Hajiya Ummu Yasir da na Malama Sadiya, na ga inda na yi kuskure. Marrakesh awa shida ce a jirgin ƙasa, in aka kira mu kotu muna can fa? Na soke ta, na soke Sahara. Fas dai ina nan a kan bakana.

Alhaji Ghali:
Madalla da Malam Usman.

Ummu Yasir:
Fas ku je da safe ku dawo da yamma, ranar Asabar, kafin a ba ku shi. Lungunan tsohon garin matsattsu ne, jakuna da alfadarai ke bi da kaya, ba wurin shiga da jariri ba ne. Haka Walili, kangon garin Rumawa, wajen kilomita 30 ne daga Miknas, ga garin Maulaya Idris a kan tudu kusa da shi, rabin yini ya isa. Kasabalanka kuwa ba sai kun sa ta a jeri ba, ta nan za ku sauka, masallacin Hasan na Biyu yana bakin teku, ku yi salla ku wuce. Sannan ku riƙa ƙirga kwanaki. Da fasfon Birtaniya kwana 90 ake ba ku ba biza, in takardun yaro suka ja ku san abin yi tun kafin wa'adin ya cika.

Abakar Liyon:
In haka ne ba ni da ja. Allah ya tsare hanya.

Hauwa Bamingham:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa, har da Malam Abakar, domin tsoron da ya faɗa shi ne nawa, ban san yadda zan faɗe shi ba ne. Mun zauna da maigida daren jiya. Za mu kama ɗaki kusa da gidan marayun yadda za mu riƙa zuwa a ƙafa. Fas sau ɗaya, Walili in an samu rana. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi da zan riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana, da Hausa, shi ma ya koya ya karanta. Ƙanwata da ke Landan tana goyon 'yar wata 4, na kira ta kan maganar Malam Bashir, ta ce ko yau.

Yaya Ummu Yasir, saura tambaya ɗaya. Matan da suke renonsa, me ya dace in kai musu? Ba na son abin da zai zama kamar cin hanci, kuma ba na son in je hannu rabbana.

Ummu Yasir:
Kuɗi a hannu kada ki ba kowa. Madara da kunzugu da barguna ki saya a can ki miƙa wa ofis, su ba ki rasit. Su matan kuwa sai ranar sallama, bayan an gama komai. Ni turaren wuta na kai musu na Maiduguri da atamfa turmi ɗaiɗai. Wadda ta fi shaƙuwa da Yasir ba ta ko kalli atamfar ba, lambar wayata ta karɓa. Har yau duk ƙaramar salla sai na tura mata hotonsa.